Ungozomar da Ta Tsayar da Motoci

Shekara talatin da huɗu Sista ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin unguwa, har sunanta na asali ya ɓace a bakin mutane. Babba da yaro Sista suke ce mata. Hatta mijinta, Mai Agogo, wanda ke da ɗan shagon gyaran agogo a jikin gidansu, in ya so tsokana sai ya miƙo mata hannu ya ce, "Sista, a duba mu." Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum tana sauri kamar wadda aka aiko a kira, muryarta kuwa ta saba ratsa ƙofa biyu.

Ba da shiri ta shiga aikin ba. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta raka yayarta asibiti, nas ɗin da ke bakin aiki ta rasa mai kama mata, ta ɗora mata tire a hannu ta ce, "Ke, riƙe nan, kuma kada ki sume min." Ba ta sume ba. Da aka gama, nas ɗin ta dube ta sama da ƙasa ta ce ta je ta nemi shiga makarantar ungozoma. Ta je, ta gama, aka turo ta wannan asibitin, a nan ta haɗu da Mai Agogo ranar da ya zo gyara agogon bango, a nan kuma furfura ta same ta. Ta daɗe da daina ƙirga jariran da suka bi ta hannunta, amma ba ta mance fuska, ba ta kuma mance yadda kowa ya zo.

Ritaya ba ta karɓe ta ba. Satin farko ta wanke labulayen gidan kaf. Sati na biyu ta sake wanke su. A na uku ta faki idon Mai Agogo ya fita sayen batir, ta shiga shagonsa, ta kwashe 'yan ƙananan ƙarafan aikinsa ta tafasa su a tukunya, ta jera a kan farin ƙyalle. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, baki buɗe.

"Sista, agogo fa ba ya kamuwa da cuta."

"Kai da kake taɓa su fa?"

Da yamma ya ja autansu gefe ya ce, "Ka taimake ni ka nemo wa uwarka aiki. In ba haka ba, gobe ni za ta tafasa."

Aka yi dace matar Auta ta haihu a watan, babbar 'yarsu kuma, wadda ake ce wa 'Yar Firit saboda ƙanƙantarta, tana aji ɗaya. Auta ne ke sauke ta a mota kowace safiya, ko da yake tafiyar ba ta wuce minti goma a ƙafa ba. Sai ya ce, "Mama, ko za ki riƙa raka ƙawarki makaranta?" Kafin ya rufe baki ta ɗauko takalmi.

Layin makarantar siriri ne. A gefe guda doguwar katangar makaranta, a ɗaya gefen gidan biredi, shagon mai walda, kantin magani da mai aski. Babu wurin tafiyar ƙafa sai murafen kwata, su ma iyaye masu mota sun hau kansu sun yi fakin. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne danjar da ke kan babban titi: duk direban da ba ya son jiran ta sai ya yanko ta wannan layin. Motocin haya, babura, har manyan tipa masu ɗaukar yashi, kowa na danna hon, yara kuma na raɓe a jikin katanga da jakunkunansu kamar 'yan kaji an yi ruwa.

Sista ta riƙe hannun jikarta ta tsaya jiran a ba su hanya. Ta duba ƙaramin agogon da ke manne a ƙirjinta, wanda da shi take auna bugun jini: minti goma sha ɗaya suka yi a tsaye. Da suka samu 'yar kafa suka taka, sai ga wani mai babur ya fito ta bayan wata farar mota, ya shafi jakar yarinyar, gorar ruwanta ta faɗi, tayar baya ta murƙushe ta. 'Yar Firit ta fashe da kuka. Mai babur ya ɗan rage gudu, ya waiwayo, yana shirin ƙara wuta.

"Kai! Ɗan mai ɗinki! Tsaya nan!"

Ya taka birki har babur ɗin ya yi tangal-tangal. Ƙato ne mai gemu, amma ya cire hular kwano a hankali.

"Mama, kin san ni ne?"

"Na san ka? Da ƙafa ka zo duniya, awa tara ka ba mu wahala ni da uwarka. Ranar ba ka yi sauri ba, sai yau?"

Mai aski da mutanen da ke kan bencinsa suka tuntsire da dariya. Mai babur ya sauka, ya durƙusa ya ba yarinyar haƙuri, ya shiga kanti ya sayo mata sabuwar gora. Bai tafi ba sai da ya gitta babur ɗinsa a tsakiyar hanya sauran yaran suka tsallake.

Sista ta dawo gida tana huci. Ta buɗe akwati ta ciro farar rigar aikinta ta goge. Washegari tun bakwai da kwata tana ƙofar makaranta, farar riga, farin takalmi, jar lema a hannu. In yara sun taru goma ko sha biyu, sai ta shiga tsakiyar titi ta ɗaga lemar.

Abin ya yi aiki fiye da yadda ta zata, domin rabin masu tuƙi a unguwar ta hannunta suka zo, sauran rabin kuma ita ta karɓi 'ya'yansu. Ga shi ba ta da sirri. Wani mai motar haya ya leƙo zai yi mita, ta ce, "Kai da aka haifa ba ka kai kwalbar lemo ba, yanzu har ka yi bakin magana?" Wani mai ƙaton tumbi ya matsa hon, ta tuna masa a gaban fasinjojinsa yadda ya zube a barandar asibiti ranar da aka ce masa tagwaye ne. Cikin sati biyu direbobi suka koyi rage gudu tun daga nesa, su gaishe ta da sauri su wuce, kada ta buɗe musu tarihi.

Ranar nan ta ɗaga lema, wata shuɗiyar mota ta ci birki a gabanta. Ta leƙa, sai ga Auta.

"Kai ma nan kake yankowa?"

"Mama, na makara ne, danjar can tana da..."

"Juya."

"Mama, mutane na kallo."

"Su kalla. Juya ka bi babban titi kamar kowa."

Ya juya, yaran makaranta na yi masa tafi, 'yarsa a sahun gaba. Kwana biyu bai shigo gaishe ta ba, a na uku ya zo da kankana.

Amma direbobin tipa ba 'yan unguwar ba ne, ba su san ta ba, ba ruwansu da farar riga. Wata safiya da aka kwana ana ruwa, ɗaya daga cikinsu ya taho bai ko rage ba. Sista ta ja yara uku baya da hannu ɗaya, motar ta wuce ta watsa musu taɓo daga sama har ƙasa. Babu wanda ya ji ciwo. Ta koma gida ta zauna tana cire takalmi. Mai Agogo ya kawo mata shayi ya zauna kusa da ita.

"Lema da baki ba za su tare tipa ba," in ji shi. "Kuma ranar da mura ta kwantar da ke, wa zai tsaya?"

Ba ta son a fi ta gaskiya, amma ta san ya faɗi daidai.

Da ita da Hedimasta suka rubuta takarda zuwa ofishin kula da hanyoyi. Shiru. Suka sake rubutawa. Shiru. Sai ta fara zuwa da kanta kowace Laraba, ta zauna a bencin jira da lemarta, ta gaishe da duk wanda ya wuce, ta tambayi masu juna biyu na ofishin watansu nawa, ta yi musu faɗa kan tsayuwa da dogon takalmi. A Laraba ta biyar aka ce za a turo injiniya, wataƙila don a huta da ita.

Injiniyan ya zo da safe, matashi ne mai tsaf-tsaf, wando a goge, fayil a hammata. Sista ta ƙare masa kallo.

"Ba ni na karɓe ka ba."

"A'a, Mama, ba a garin nan aka haife ni ba."

"Shi ya sa."

Ya auna faɗin titin, ya duba takardunsa, ya ce a ƙa'ida hanyar ba ta da laifi, ana hango abin da ke tahowa daga mita hamsin, abin da ake bukata kawai a koya wa yara duba dama da hagu.

"Kai kake hangowa," in ji Sista. "Zo nan, ɗana." Ta kai shi bayan motar biredi da ke tsaye daf da ƙofar makaranta, ta kira 'Yar Firit ta tsayar da ita kusa da shi. "Tsuguna har kanka ya yi daidai da nata."

Ya dubi wandonsa, ya dubi Hedimasta, ya tsuguna.

"Me kake gani?"

"Bayan mota."

"To, duba dama da hagu."

Ya leƙa kansa kaɗan, daidai lokacin wata tipa ta wuce, iskarta ta ɗebe takardun fayil ɗinsa ta watsa a titi. Ya koma da baya ya zauna daɓas a kan murfin kwata. Yara suka bi takardun suna tsincewa. Yana nan zaune ya ce, "Da ƙarfe nawa suke tashi? Zan dawo in ga na rana."

Shi ne ya kawo shawarar a riƙa rufe layin ga motoci na minti arba'in da safe, minti arba'in lokacin tashi, a gwada na wata ɗaya. Amma ya ce sai mutanen layin sun yarda. Aka kira taro a ajin 'yan aji biyu, manya suka dunƙule a kan ƙananan bencina, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Wata mata ta ce ita ba za ta sauke ɗanta a bakin layi ya taka a ƙasa ba, rana za ta dake shi. Mai kantin magani ya tambayi yadda za a yi da marar lafiya, aka ce masa shingen na janyewa ne. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Mai Biredi, wani dattijo mai gajeren haƙuri da suka yi makarantar firamare tare da Sista.

"Cinikina duk na safe ne," in ji shi. "Masu mota ke tsayawa su saya. Motata kuma ƙarfe bakwai da rabi take lodi. Ke kin yi ritaya kin huta, ni so kike in yi tawa ba shiri?"

"Jikokinka nawa a makarantar nan?"

"Huɗu. Kada ki kawo min wannan."

"Ban kawo ba, tambaya na yi."

"Na san ki tun kina satar min alli. Ba kya tambaya a banza."

Aka yi dariya, amma bai sauko ba. Da aka ce a ɗaga hannu, shi kaɗai da matar nan suka ƙi. Ya fita yana cewa wata ɗaya ne, zai ga ƙarshen abin.

Mai walda ya haɗa shinge biyu masu taya, ya shafa musu fenti ja da fari. Safiyar farko da aka ja su aka tare bakin layin, wani irin shiru ya sauka wanda ba a taɓa ji ba, har ana jin tsuntsayen da ke kan bishiyar makaranta. Yaran da kansu ba su yarda ba. Suka ci gaba da raɓewa a jikin katanga, layi ɗaya, kamar kullum. Sai da Sista ta shiga tsakiyar titi ta buɗe hannuwa ta ce, "Ku taho mana, naku ne!" Wata yarinya ta fara sa ƙafa ɗaya a kan kwalta kamar mai gwada sanyin ruwa. Kafin minti biyu titin ya cika da gudu da ihu.

Ba komai ne ya tafi sumul ba. Tipa suka koma layin baya, mutanen can suka zo har gida suka ce Sista ta kwashe sharar ƙofarta ta zuba a tasu. Ta ce suna da gaskiya, ta sake ɗaukar lema ta koma bencin ofis tare da mata biyu daga cikinsu, sai da aka kafa allon hana manyan motoci shiga layukan biyu, aka kuma yi tudun rage gudu. Wannan ya ci wata bakwai. Matar da ke tsoron rana ta cire ɗanta ta kai shi wata makaranta. Mai Biredi ya rasa masu mota, ya dawo da lodinsa ƙarfe shida da rabi yana ƙunƙuni. Daga baya aka ga ya fito da tebur ƙofar shago yana jera ƙananan biredi daidai hannun yaro, iyaye masu rakiya kuma na tsayawa su saya. Da Sista ta tambaye shi ya kasuwa, ya ce, "Ba yabo ba fallasa," ya juya mata baya. Tun da wata ɗayan gwajin ya cika babu wanda ya ta da maganar, shi ma bai tayar ba. Har yau bai ce ta yi daidai ba, amma a gidan biredinsa ake ajiye shingen, kuma shi ke turo su kowace safiya, yana faɗa da duk wanda ya riƙe su ba daidai ba.

Sai kekuna suka fara fitowa. Da farko uku, sannan goma, sannan aka rasa inda za a jingina su. Sista ta tuna da tsofaffin gadajen ƙarfe da aka jibge a bayan asibiti suna tsatsa, ta je ta roƙo, mai walda ya yanka su ya yi wurin ajiye keke a gindin katanga. Ta ce rabin iyayen yaran a kan waɗannan ƙarafan aka haife su, bai kamata a bar su a bola ba. Hedimasta ya tsara iyaye, kowace rana mutum biyu, su tsaya a bakin babban titi inda har yanzu sai an tsallakar da yara. Sista ta ɗauki Litinin da Alhamis, amma sauran ranakun ma tana zuwa, wai don ta ga ko ana yi daidai.

'Yar Firit na aji uku Auta ya saya mata keke. Ta koya cikin kwana huɗu. Ran nan suna dawowa, ita a kan keke, kakarta na binta da sauri, sai ta tsaya ta ce, "Kaka, ke fa kin iya?"

"Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina..."

"Ba haihuwa na tambaye ki ba. Keke."

Sista ba ta iya ba. A gidansu yayyenta maza ne kawai ke hawa, ita kuma ba ta taɓa samun sarari ba. Ta kwana biyu abin na cin ta. Ranar Asabar ta aro keken matar mai walda, ta sa wando a ƙarƙashin zane, suka tafi filin makaranta da jikar da Mai Agogo, wanda ya ce shi ɗan kallo ne kawai, amma ya taho da kwalbar man zafi a aljihu.

"Kada ki kalli ƙasa, Kaka! Kalli gaba! Taka! Taka mana!"

"Ina takawa! Ke, kada ki sake ni!"

"Ai tun ɗazu na sake ki!"

Jin haka Sista ta waiwaya, keken ya nufi shukokin da ke gaban ofishin Hedimasta, ta shige cikinsu da ita da shi. Da aka ciro ta, ganye a ɗankwali, ta riƙe wuyan hannunta ta ce a natse, "Ya tsage. A kai ni."

A asibitin, yaran da ta koya wa aiki su suka karɓe ta. Wadda ke shugabantar ɗakin yanzu ta riƙe ƙugu ta ce, "Sista, shekara hamsin da takwas? Keke?" Sista ta ce a yi aiki a bar surutu, kuma bandejin nan an ja shi da yawa. Suka naɗe mata hannun da farin filasta mai tauri tun daga yatsu har gwiwar hannu, suka ce ta zauna a gida sati shida.

Litinin tana bakin titi. Ta gano cewa in ta ɗaga farin hannun nan, direbobi na hango shi tun daga nesa, har baƙi ma na taka birki. Yara suka cika shi da zane da biro, wannan fure, wannan mota, wani ya zana ta a cikin shukoki ƙafafu a sama. Mai Biredi ya sa tabarau ya duba zanen da kyau, ya ce wanda ya yi shi zai yi nisa.

Da aka cire filastar, Mai Agogo ya ɗauka an gama da maganar keke. Asabar ta zagayo ya ga tana ɗaure igiyar takalmi.

"Sista, ɗayan hannun kike son ki kai musu?"

"Ɗauko man zafinka mu tafi."

Ta koya. Yanzu tana da nata keken, kore, mai kwando a gaba, kuma da safe in an rufe layin takan hau daga wannan shinge zuwa wancan, yara na kaucewa suna gaishe ta. Miƙewa dai ta iya sarai. Shan kwana ne har yau ya gagare ta. In ta kai ƙarshen layi sai ta taka birki, ta sauka, ta juya keken da hannu, ta gyara ɗankwali, ta sake hawa.